Zagayen Biranen Dā: Abin da Romawa Suka Bari a Tasalonika

Babu mai karanta wannan fili da bai san sunan Tasalonika ba. Yaranmu suna haddace shi a makarantar Lahadi sa'ad da suke jera littattafan Sabon Alkawari, gama Manzo Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar wurin wasiƙa biyu. Amma da yawa cikinmu suna tsammani garin ya shuɗe tun tuni, kamar Afisa da Filibi waɗanda suka zama kufai. Ba haka ba ne. Tasalonika tana nan da ranta a bakin teku, a arewacin ƙasar Girka. Ita ce birni na biyu a ƙasar, bayan Atina, mutanenta da na kewayenta sun kai wajen miliyan 1.

Wannan rai nata kuwa shi ne ya jawo mata wahalar da za mu duba a wannan wata. Kufai ba shi da wuyar tsaro. A kewaye shi da waya, a sa mai gadi, shi ke nan. Amma garin da mutane suke zaune a ciki shekara fiye da 2,300 ba fashi, kowane gidansa a kan wani gida yake. Duk wanda ya sa diga a tsakiyar Tasalonika sai ya ci karo da aikin Romawa. Daga nan dole a yanke shawara, ko a rushe, ko a kwashe, ko kuwa a haƙura a kewaye. Mutanen garin sun gwada dukan ukun.

Wani sarkin Makidoniya mai suna Kasanda ne ya kafa birnin wajen shekara ta 315 kafin haihuwar Almasihu, ya sa masa sunan matarsa, 'yar'uwar Iskandari Mai Girma. A shekara ta 168 kafin haihuwar Almasihu Romawa suka ci Makidoniya da yaƙi, ba a daɗe ba Tasalonika ta zama mazaunin gwamnansu. Suka shimfiɗa wata babbar hanya mai suna Ignatiya, tsawonta wajen mil 700, daga tekun da ke fuskantar Italiya har zuwa birnin da yau ake kira Istanbul. Babban titin da ya ratsa Tasalonika daga ƙofar yamma zuwa ta gabas yana haɗe da ita, har yau ma sunan titin Ignatiya. Ta wannan hanya Bulus da Sila suka iso daga Filibi, tafiyar wajen mil 100, kusan shekara ta 50.

Kun san abin da ya faru, yana cikin Ayyukan Manzanni sura 17. Aka ta da tarzoma, aka auka wa gidan Yason, da ba a sami baƙin ba sai aka ja shi da waɗansu 'yan'uwa zuwa gaban mahukuntan gari. To, ga inda gini ya shigo cikin zancen. Luka, wanda ya rubuta labarin da Helenanci, ya kira mahukuntan nan da wani suna, politarkai, watau masu mulkin birni. Ba sunan da aka saba gani cikin littattafan marubutan Helenawa na dā ba ne, saboda haka akwai masanan da suka yi shakkar ko Luka ya san abin da yake faɗi. Ga shi kuwa a ƙofar yamma ta birnin, wadda ake kira Ƙofar Barda, akwai wani bakan gizo na Romawa, a jikinsa an sassaƙa sunayen mutum 6 waɗanda suka riƙe wannan muƙami, da kalmar nan ɗin a farkon rubutun. Dalilin yana cikin tarihi. A shekara ta 42 kafin haihuwar Almasihu Romawa sun ba Tasalonika 'yancin mulkin kanta a cikin gida, domin ta goyi bayan waɗanda suka ci nasara a yaƙin Filibi. Shi ya sa ba gaban gwamna aka kai Yason ba, gaban 'yan gari aka kai shi.

Kada mu zarce gona da iri. An sassaƙa dutsen nan ne a ƙarni na 2, saboda haka mutanen da ke kansa ba su ne suka karɓi belin Yason ba. Abin da ya nuna shi ne muƙamin yana nan, sunansa kuma daidai yadda Luka ya rubuta. Tun daga lokacin an sami waɗansu rubuce-rubuce fiye da 30 masu wannan kalma, yawancinsu a Makidoniya.

Yau idan ka je Tasalonika neman ƙofar, ba za ka gan ta ba. A shekara ta 1876, zamanin mulkin Turkawa, aka rushe ta, aka kwashe duwatsun domin wani aikin. Dutsen mai rubutu kaɗai aka tsamo daga cikin tarkace, aka kai gidan ƙaramin jakadan Ingila, daga can ya wuce Landan. Yana babban gidan tarihi na Ingila har wa yau. Ƙofa ta tsaya ɗaruruwan shekaru, yaƙi bai ka da ita ba, girgizar ƙasa ba ta ka da ita ba, sai 'yan ƙwadago da guduma.

Kafin wannan da shekara 12 an riga an yi wa garin wata hasara. Kusa da tsohuwar kasuwar Romawa akwai wani jerin ginshiƙai, a samansu waɗansu huɗu masu siffofin mutane gaba da baya, siffa 8 ke nan. Gari ya cika har ginshiƙan suka koma cikin tsakar gidan wani Bayahude. Yahudawan birnin, waɗanda kakanninsu suka zo daga Sifen bayan korar da aka yi musu a 1492, suna kiran siffofin Las Inkantadas, watau waɗanda aka yi wa sihiri. A 1864 wani masani Bafaranshe, Emanuwel Mila, ya zo da izinin hukumar Turkawa, ya sauke su, ya loda a jirgin ruwa, mutanen unguwa suna ƙorafi ba mai sauraronsu. Suna gidan tarihi na Lubur a Faris. Abin da Tasalonika take da shi yanzu kwafi ne.

Ita kasuwar kanta ta fi sa'a. A 1917 wata babbar gobara ta cinye tsakiyar birnin, aka sake tsara unguwannin, aka keɓe wani fili domin ginin gwamnati. Da aka zo haƙa harsashin kotu a shekarun 1960, sai ga daɓen dandalin Romawa, da rumfunan dutse a ƙarƙashin ƙasa, da wani ƙaramin gidan wasa mai kujerun dutse hawa-hawa. A wannan karo aka haƙura. Aka kai kotun wani wuri, aka bar dandalin a buɗe. Ginin da ake gani na ƙarshen ƙarni na 2 ne, saboda haka Bulus bai ga waɗannan ginshiƙai ba, ko da yake akwai tsofaffin gine-gine a ƙarƙashinsu.

Manyan gine-ginen Romawa da suka rage a tsaye aikin mutum ɗaya ne, sunansa kuwa ba mai daɗin ji ba ne a kunnen masu bi. Galeriyus ɗan makiyaya ne, ya shiga soja, ya hau har Sarki Diyokilishiyan ya ɗauke shi mataimaki a 293. A 298 ya ci Narsi, sarkin Farisa, da yaƙi, ya kama matansa da 'ya'yansa da dukiyarsa. Sa'an nan ya zaɓi Tasalonika ta zama mazauninsa. Ya gina fāda a kusa da teku, da filin sukuwa a gefenta, da wata babbar ƙofar nasara a kan babban titi, da wani gini mai siffar da'ira a can sama, duka a layi ɗaya.

Ƙofar nasarar tana da ginshiƙai 8 a dā, yanzu 3 suka rage. Tsayin bakan gizon tsakiya wajen ƙafa 40 ne. Cikinta gasasshen tubali ne, aka lulluɓe ginshiƙan da farin dutsen nan mai sulɓi da ake kira mabul, aka sassaƙa labarin yaƙin a kansa jeri bisa jeri. Ga Galeriyus a kan doki yana kara da sarkin Farisa, ga fursunoni, ga raƙuma da giwaye. A wani jerin ga shi tare da Diyokilishiyan suna miƙa hadaya ga allolinsu. Mutanen gari suna kiran ƙofar Kamara kawai. 'Yan jami'a sun mai da gindinta wurin alkawarin haɗuwa, motoci suna wucewa ta gefe, hayaƙinsu kuwa ya taimaka wajen cinye fuskokin da ke jikin dutsen.

Jerin nan na hadaya ba ado kaɗai ba ne. A shekara ta 303, daidai lokacin da ake gama ƙofar, aka fara tsanani mafi zafi da ikkilisiya ta sha a hannun Romawa. Aka umarta a rushe ɗakunan sujada, a ƙone Littattafai, daga baya kuma kowa ya miƙa hadaya. Wani marubuci Kirista na zamanin, Laktantiyus, ya ce Galeriyus ne ya zuga babban sarkin. A nan Tasalonika a 304 aka gurfanar da waɗansu 'yan mata uku, waɗanda aka ce 'yan'uwan juna ne, Agafe da Kiyoniya da Airini. Ma'anar sunan ta fari Ƙauna, na ta ƙarshe Salama, sunayen da mu ma muke raɗa wa 'ya'yanmu. Sun ƙi cin abin da aka yanka wa gumaka. Aka ƙone biyun farko. Airini kuwa aka tarar ta ɓoye Littattafai a gida, aka tambaye ta, ba ta musa ba, ita ma aka kashe ta. Bayan shekara 7, a watan Afrilu na 311, Galeriyus yana kwance da muguwar cuta, ya fitar da doka cewa a bar Kirista su yi sujadarsu, har ya nemi su yi masa addu'a. 'Yan kwanaki kaɗan bayan haka ya mutu. Ba a Tasalonika aka binne shi ba, a garin uwarsa ne, cikin ƙasar Sabiya ta yau.

To, sai ginin nan mai da'ira, wanda ake kira Rotunda. A nan za mu ɗan daɗe, gama shi ne abin da ya fi kome a birnin. An gina shi wajen 306, masana suna gardama ko kabari Galeriyus ya nufa da shi ko haikali. Faɗinsa daga ciki ƙafa 80, kaurin bangonsa ƙafa 20, daga ƙasa zuwa tsakiyar tulluwa kusan ƙafa 100. Ba ƙarfe a ciki, ba siminti irin namu. Tubali ne gasasshe, fale-fale mai faɗi, da duwatsu, da kwaɓin farar ƙasa. Maginanmu da suka san ɗaurin bakan gizo za su gane dabarar nan da nan. Tulluwa ba ƙasa kaɗai take dannawa ba, tana tura bango waje, saboda haka aka yi bangon da kauri haka. Domin kada nauyin ya yi yawa a banza, aka huda ɗakuna 8 a cikin kaurin bangon, kowanne da bakan gizonsa, nauyin rufin yana bin bakunan yana sauka a kan ginshiƙan da ke tsakaninsu.

Tsakanin ƙarshen ƙarni na 4 da ƙarni na 6, masana ba su daidaita a kan shekarar ba, Kirista suka mai da shi ɗakin sujada. Suka fasa bangon gabas suka ƙara wurin bagade. Wannan ya raunana ginin, har daga baya aka yi wa wurin tokare daga waje. Amma suka yi wani aiki a cikin tulluwar wanda ya biya hasarar. Suka lulluɓe ta da zane, ba na fenti ba, na 'yan ƙananan gutsattsarin gilashi da dutse da ruwan zinariya, ana manna su ɗaya-ɗaya a jikin ɗanyen yaɓe. Abin da ya rage a kewayen gindin tulluwar shi ne siffofin shahidai, suna tsaye da hannuwa a buɗe cikin addu'a, a bayansu manyan gidaje na zinariya. A gefen kowanne an rubuta sunansa, da aikinsa, da watan tunawa da shi. Akwai soja, akwai likita, akwai firist, har da mai busa sarewa. Da dama cikinsu a wancan tsanani na Diyokilishiyan da Galeriyus aka kashe su. Watau mutanen da ya sa aka kashe su ne suke tsaye a rufin gininsa.

Turkawa suka ci birnin a 1430. Wajen 1590 aka mai da Rotunda masallaci, aka gina masa hasumiya, ya yi shekara fiye da 300 a haka, har Girkawa suka karɓi birnin a 1912. Hasumiyar tana nan, ita kaɗai ta rage a cikin masu yawa da birnin yake da su a dā. Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan, da ba domin kowane zamani ya sami masu shiga ginin suna sujada, suna share shi, suna toshe yoyo ba, da ya bi sawun fādar Galeriyus. Ita fādar ba wanda ya gāje ta, sai ta zama wurin ɗibar tubali. Yau guntayen bangonta ne kawai a cikin wani rami a dandalin Nabarino, benaye sun kewaye shi. Filin sukuwar kuwa yana ƙarƙashin gidaje, ko da yake a nan ne aka yi kisan gillar shekara ta 390, sa'ad da sojojin Sarki Tiyodosiyus, shi kuwa Kirista ne, suka karkashe mutanen gari saboda an kashe hafsansu. Wani marubucin dā ya ce mutum 7,000 ne. Bishop Amburos na Milan ya hana sarkin cin Jibin Ubangiji sai da ya tuba a fili. Babu abin da ya rage a wurin da zai tuna wa mai wucewa da wannan, sai sunan dandalin.

Girgizar ƙasa ta ran 20 ga Yuni, 1978, ta tsattsaga Rotunda. Gyaran ya ci shekaru masu yawa, sai a ƙarshen 2015 aka kwashe ƙarafan magina daga ciki, mutane suka sake ganin zanen sarai. A 1988 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gādon duniya tare da waɗansu tsofaffin gine-ginen birnin. Yanzu gidan tarihi ne, ana yin sujada a ciki a waɗansu ranaku.

Gardama mafi zafi ta zamaninmu ce. Tasalonika gari ne matsattse tsakanin tudu da teku, cunkoson motoci ya ishi kowa. A 2006 aka fara haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, tsawonta wajen mil 6 da tasha 13, da niyyar gamawa a 2012. Hanyar kuwa ta bi ƙarƙashin titin Ignatiya, watau ƙarƙashin babban titin Romawa. Ramin jirgin kansa yana can ƙasa da zurfi, bai taɓa kome ba. Tashoshin ne matsala, gama daga sama ake haƙo su. Aka yi ta tono kaya, har suka wuce 300,000, da dubban kaburbura a bayan tsohuwar ganuwa. A 2012 aka nuna wa jama'a wani yankin titin mai tsawon ƙafa 230, shimfiɗe da mabul. A jikin duwatsun ga sawun ƙafafun keken doki, ga kuma zanen wasa irin na dara da yara suka ƙarta a bakin hanya.

A tashar Benizelu aka tarar da abin da ya fi wannan, mahaɗar manyan tituna biyu na birnin, da gindin ginshiƙan wata ƙofa mai baki huɗu, da shaguna, da magudanan ruwa, kowane abu a mazauninsa. A 2013 hukuma ta ce a kwashe su a kai wani tsohon barikin soja a bayan gari. Magajin gari da ƙungiyar masu haƙo kayan tarihi suka ƙi, suka kai ƙara. Aka koma aka yarda za a gina tashar ba tare da an ɗaga dutse ko ɗaya ba. A 2019 sabuwar gwamnati ta sake shawara, ta ce za a yanka titin gunduwa-gunduwa, a ajiye, a gina tasha, sa'an nan a mai da kowane dutse inda yake. Masana daga ƙasashe da yawa suka rubuta suna roƙo kada a yi haka. A 2021 kotun ƙoli mai duba ayyukan gwamnati ta yanke hukunci, alƙalai 13 suka goyi bayan gwamnati, 12 suka ƙi. Ƙuri'a ɗaya tak.

Mun auna maganar, ba mu ga mugu a kowane gefe ba. Masu shaguna a bakin titin sun yi shekaru da shingen kwano a ƙofarsu, waɗansu sun rufe. Ma'aikaci da ke kwana a cikin bas safe da yamma yana da hakki a kan garinsa, ba Romawa kaɗai ba. Amma masanan ma suna da gaskiya. Titin da aka yanka aka sake haɗawa, kome gwanintar masu aikin, ya rabu da ƙasar da ya kwanta a kai shekara 1,500, wannan kuwa ba a mayar da shi. A ganinmu da an tsaya a kan shawarar barin duwatsun a wurinsu tun da aka yanke ta, da ya fi, gama sauye-sauyen shawarar kansu sun ci shekaru. Duk da haka tsakanin wannan da abin da aka yi wa Ƙofar Barda akwai nisa. A 1876 ba wanda ya kai ƙara, dutse ɗaya aka tsira da shi, shi ma ya bar ƙasar.

An mai da duwatsun a 2023, aka buɗe jirgin ran 30 ga Nuwamba, 2024, shekara 18 bayan fara aikin. Mai sauka tashar Benizelu yakan fara wuce tsohon titin a hawa na fari, yana kallon daɓen mabul da bakin shaguna, kafin ya gangara ƙasa inda jirgin yake tsayawa. Daga can tasha biyu ce zuwa wadda ta fi kusa da Kamara da Rotunda.